Mako tara ana bin wayoyin wani injin CNC haɗin gida

Shagon da injin

Shagon kafinta ne a Kaduna, aikinsu gadaje, ƙofofi da allunan suna na shaguna. Sassaƙar ado ta kan gado da fuskar ƙofa waje suke kai ta, su biya, su kuma jira layi. Sai maigidan ya yanke shawarar haɗa nasa injin CNC, wato injin da kwamfuta ke juya bakin yankansa bisa zanen da aka ba ta. Mai walda ya haɗa gangar jikin, wani matashi mai gyaran lantarki ya karɓi aikin wayoyi. Gangar jikin ba ta ba da matsala ba, don haka bayanin nan a kan wayoyin ne da saitinsu.

Filin aikin milimita 1200 ne a tsawo, 800 a faɗi, layin Z kuma yana hawa da sauka milimita 150. Kowane layi yana tafiya ne a kan sukuru mai ƙwallaye samfurin 1605: kaurinsa milimita 16, juyi ɗaya yana tura milimita 5. Moto mai taku, wanda masu sana'ar ke kira sitefa, guda huɗu ne samfurin NEMA 23, kowanne 2.8A, taku 200 a juyi ɗaya. X, mai tura kan yankan gefe da gefe, ɗaya, Z ɗaya, Y biyu, ɗaya a kowane gefen gadar da ke ɗauke da kan yankan. Ƙwaƙwalwar injin allon Arduino Uno ne mai manhajar GRBL 1.1, an kifa masa allon CNC Shield na uku, an dasa ƙananan direbobi DRV8825 huɗu, masu ba kowane sitefa wuta bisa umarnin Arduino, da fawa, wato akwatin da ke ba su wuta, mai 24V.

Mako na 1 da na 2: ƙananan direbobi

Ranar da aka fara ba da wuta, sitefan X bai juya ba, karkarwa kawai yake yi a wuri ɗaya yana gurnani. Wayoyinsa huɗu ne, biyu na kwail ɗaya, biyu na ɗayan, an kuwa bi launi ne aka haɗa, alhali launin wayoyin ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani. Da aka sa mita, wayoyin da ke kwail ɗaya suka nuna kusan om 1 a tsakaninsu, waɗanda ba su haɗa kwail ba kuma mita ba ta motsa ba. Aka gyara. Sai dai wajen gyaran an zare wayar sitefa wuta na kunne, direba ɗaya ya ƙone nan take. Kwail ba ya yarda a yanke masa wuta farat ɗaya. Yakan mayar da martani da ƙarfin da ya wuce abin da direban zai jure.

Bayan an sauya shi, aka ba X umarnin tafiya milimita 100, ya tafi ƙasa da 20. An dasa dukkan ƴan gadojin nan uku da ke ƙarƙashin kowane direba, wanda a DRV8825 ke raba taku ɗaya gida 32. Lissafin kuwa 200 sau 32 a raba da 5, wato bugu 1280 na siginar da Arduino ke aika wa direba a kowace milimita, alhali GRBL da 250 take zuwa a $100, $101 da $102, lambobin saitinta na bugu a milimita na X, Y da Z. Aka rubuta 1280, tsawon ya yi daidai, sai wata ta ɓullo. Arduino Uno ba ya iya fitar da bugu fiye da kimanin 30,000 a daƙiƙa, saboda haka gudun injin ba zai wuce kusan milimita 1400 a minti ba. Aka cire ɗaya daga ƴan gadojin, aka koma raba taku gida 8, bugu 320 a milimita.

Abin da ya ci mako biyun shi ne zafi. A allon da resistonsa ke ɗauke da R100, wutar da DRV8825 ke bayarwa ninki biyu ce ta abin da mita ta karanta a kan ɗan sukurun saitinsa. An sa 1.0V, wato 2.0A. Injin yakan yi kamar minti ashirin lafiya, sannan layi ɗaya ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, zanen ya goce. Direban ne ke kashe kansa idan ya yi zafi, ya farfaɗo idan ya huce, GRBL kuwa ba ta da labari, lissafinta take ci gaba da yi. Aka manna ƙarfen sanyaya, aka kafa fanka, lokacin ya ɗan tsawaita kawai. Aka sauke zuwa 0.7V, wato 1.4A. Zafin ya tafi, ƙarfin sitefan ma ya koma kusan rabi, har mutum na iya tsayar da gadar da hannu ɗaya. Direban da iyakarsa 2.2A ce ko da an sanyaya shi ba zai ciyar da sitefa mai 2.8A ba, kowane irin saiti aka yi.

Mako na 3: manyan direbobi

Aka sayo DM542 huɗu da fawa mai 36V, kusan 10A. Direban yana karɓar 20V zuwa 50V, kuma da ƴan makunnai takwas da ke gefensa ake saita shi. Na 1 zuwa na 3 na ƙarfin wuta ne: aka zaɓi layin 3.31A a ƙololuwa, wanda matsakaicinsa 2.36A ne, ƙasa kaɗan da abin da sitefan zai ɗauka. Na 4 aka bar shi a kashe don wutar ta ragu rabi idan injin na tsaye. Na 5 zuwa na 8 aka sa a bugu 1600 a juyi, wato dai 320 a milimita kamar da. Jadawalin da ke buge a jikin direban aka bi, domin akwai ƴan bambance-bambance tsakanin fitowa da fitowa. Kowane direba aka ja masa wayoyinsa biyu kai tsaye daga fawa, ba a yi musu jerin gwano daga wannan zuwa wancan ba. Wayoyin kowane kwail aka tufke su kamar igiya. Bakin ENA, mai sakin sitefa, ba a haɗa shi ba, don sitefa su riƙe matsayinsu muddin akwai wuta.

Y biyun suka juya saɓanin juna, gadar ta nemi murɗewa. $3, saitin juya alkibla, ba ta da amfani a nan, tunda bugu ɗaya suke sha, idan ta juya ɗaya ta juya duka. Aka kashe wuta, aka musanya A+ da A- na ɗayansu.

X da Z suka zauna daram. Y kuwa bayan kowane aiki sai a tarar gefe ɗaya ya riga ɗayan da milimita ɗaya ko biyu. A cikin kowane bakin PUL na bugu da DIR na alkibla akwai ƴar fitila da ke shan kimanin 10mA kafin direban ya ji umarni. An rataya direbobi biyu a ƙafa ɗaya ta Arduino, D3 ta bugu da D6 ta alkibla, kowace tana ɗauke da kusan 20mA, daidai bakin abin da aka yarje mata. Ƙarfin ƙafar yakan zube, direban da ya fi rauni ya riƙa tsallake bugu. Aka sa guntun ULN2803, mai ɗauke wa ƙafar Arduino nauyin wutar, a tsakani. Hanyoyinsa takwas ne, daidai da PUL da DIR na direbobi huɗu. PUL+ da DIR+ duk suka tafi 5V, kowane PUL- da DIR- ya samu hanyarsa a guntun, Arduino ya koma ba da izini kawai. Gadar ta daina gocewa.

Mako na 4: Z na nutsewa

Da ƴar rawutar hannu da aka ɗaure a kan Z aka fara gwada yanka. Yankan haruffa ya fita tsaf. Amma da aka sa sassaƙar fure a kan allon gado, aikin da Z ke hawa da sauka ba adadi, sai aka ga ƙarshen allon ya fi farkonsa zurfi, kamar an karkata katakon.

An fara zargin mahaɗin da ke tsakanin sitefa da sukuru. Aka ja layi da alƙalami ya ratsa su biyun, aka sake aikin, layin bai rabu ba. Aka rage gudu da saurin ɗaukar gudu na Z zuwa rabi, ba abin da ya canza. Aka taɓa $102 da niyyar cike giɓin, sai zurfin yankan haruffa da yake daidai a da ya lalace, aka mayar da 320.

Sannan aka cire bakin yanka, aka kafa agogon awo a ƙarƙashin Z, aka rubuta gajeren umarni: G91, sai G1 Z2 F600 da G1 Z-2 F600, wato Z ya hau milimita 2 ya sauka milimita 2, sau 200. Babu katako, babu nauyi. Da ya gama, Z ya sauka da kusan milimita 1.2. Bugu ɗaya a wannan saitin milimita 0.003125 ne. Idan a kowane zagaye bugu guda ya tafi ta inda bai kamata ba, kuskuren na bugu biyu ne, sau 200 kuwa ya ba da 1.25. Lissafi da agogo suka yi daidai.

DM542 yana so alamar alkibla ta riga bugu isowa da aƙalla kashi 5 cikin miliyan na daƙiƙa. GRBL kuwa kusan tare take sakin su. Fitilar cikin direban ta fi saurin kamawa a kan mutuwa, shi ya sa juyawa ta gefe ɗaya ke isa a kan lokaci, ta ɗaya gefen kuma ta makara, bugun farko ya bi tsohuwar hanya. Da kuskuren na faruwa ta gefen biyu da ya cinye kansa. Da yake ta gefe ɗaya ne sai ya yi ta taruwa. Wannan ba ya cikin saitin $. A fayil ɗin config.h akwai layin STEP_PULSE_DELAY da ke zuwa a rufe. Aka buɗe shi da 10, aka sake loda manhajar, aka bar $0, saitin tsawon bugu, a 10. Gwajin sau 200 ya dawo kan sifili.

Mako na 5: makunnan iyaka

Aka kafa makunni a ƙarshen kowane layi, irin wanda ke buɗe sai an taɓa shi, aka sa $21=1 don kunna tsaron iyaka da $22=1 don kunna komawa gida. GRBL da Z take fara komawa gida, sannan X da Y tare. Da aka ba da $H, umarnin komawa gida, Z ya hau, ya danne makunninsa, bai tsaya ba, ya yi ta kartar ƙarfe har ƙararrawar ALARM:9 ta fito. Makunnin lafiyarsa ƙalau. Rubutun jikin allon ne ya tsufa: an zana shi lokacin da iyakar Z ke D11, amma tun daga GRBL 0.9 aka ba D11 aikin saita gudun sifindul, wato moton da ke juya bakin yanka, iyakar Z ta koma D12, wurin da allon ya rubuta SpnEn. Aka mayar da wayar can. Aka kuma ɗaga $27, nisan ja da baya daga makunni, zuwa milimita 3, domin da 1 makunnin X ba ya gama saki, ALARM:8 ta riƙa fitowa.

Mako na 6 da na 7: sifindul ya iso

Sifindul ɗin mai 2.2kW ne, ruwa ke sanyaya shi, 220V, 400Hz, juyi 24,000 a minti, tare da inbatarsa, wato akwatin da ke ba shi wuta yana saita gudunsa, irin wadda lambobin saitinta ke farawa da PD. Kafin a haɗa shi aka saita ta: PD005 da farko a 400, sannan PD004 da PD003 su ma 400, PD141 a 220, PD142 daidai da abin da ke rubuce a jikin sifindul, PD143 a 2, PD144 a 3000. PD004 ce mai haɗari. Idan ta zauna a 50, inbata za ta zuba 220V cif tun a 50Hz, ninki takwas na abin da kwail ɗin zai ɗauka a wannan gudun.

Sifindul ya tashi lafiya. Daƙiƙa kaɗan bayan haka ALARM:1 ta fito, alhali ba abin da ya kusanci makunni. Wani lokaci kuma kwamfuta ce ke rasa Arduino gaba ɗaya, injin ya tsaya cak da baki a cikin katako.

An ɗaga $26, jinkirin karanta makunni, daga 250 zuwa 500, bai yi komai ba, domin lokacin komawa gida kaɗai take aiki. An sauya Arduino, an sauya kwamfuta, an naɗe wayoyin makunnai da takardar alminiyon da ba ta haɗu da komai ba. An sa resisto 4.7k daga kowace ƙafar iyaka zuwa 5V da kafasito 100nF zuwa GND. Wannan ya rage abin daga kowane minti zuwa sau biyu ko uku a awa, bai kawar da shi ba. Daga ƙarshe aka sa $21=0. Ƙararrawar ta yi shiru, yankewar USB ta ci gaba, kuma kwana biyu bayan haka wani kuskuren zane ya kai gadar ƙarshen Y da cikakken gudu, mahaɗi ɗaya ya tsage.

Wani yaron shagon ne ya gaya wa maigidansa cewa injin yana ja idan ya dafa shi ba takalmi. Aka kafa guntun rodi a ƙasa mai laima a bayan shago, aka auna tsakaninsa da gangar injin: kusan 110V. Aka buɗe soket, ramin at ɗinsa, wato na wayar da ke sauke wuta ƙasa, babu waya ko ɗaya. Fawa da inbata duk suna da ƙananan kafasito da ke zubar da hayaniyar lantarki a jikin akwatinsu da nufin ta sauka ƙasa. Idan babu hanyar sauka, jikin yakan tsaya a kusan rabin wutar layi. Aka duba filogin sifindul, ƙafarsa ta huɗu ba ta haɗu da gangar jikinsa ta ciki ba. Wayarsa kuma irin ta fanka ce mai jijiya uku, ba sulke, a ɗaure cikin sarƙa ɗaya da wayoyin makunnai tsawon mita uku.

Inbata tana yanka wuta ne sau dubbai a daƙiƙa, kowane yanka na watsa hayaniya ga duk wayar da ke kusa. Ƙafar Arduino kuwa resiston cikinta, mai 20k zuwa 50k, shi kaɗai ke riƙe ta a 5V, da wutar da ba ta kai rubu'in 1mA ba. Doguwar wayar makunni a buɗe eriya ce kawai.

Mako na 8: sake wayoyi daga tushe

Aka tsayar da aiki kwana huɗu. An kafa sandar at mai rufin tagulla a inda ruwan alwala ke gangarawa, domin lokacin hunturu ne, ƙasar gaban shagon ta bushe ƙamas. Daga sandar waya mai 6mm ta shigo zuwa ƙarfe guda a cikin akwatin, kuma daga wannan ƙarfen kowa ya ja tasa: inbata, fawa biyu, jikin akwatin, gangar injin, gadar, da janareta. Gadar ta samu wayarta daban saboda ƙwallayen da take gudu a kansu, da maiƙonsu, ba hanyar wuta ba ce abin dogaro.

Aka buɗe kan sifindul aka haɗa ƙafa ta huɗu da jikinsa. Wayarsa ta koma mai jijiya huɗu, 1.5mm, mai sulke, an damƙe sulken da ƙarfe ta kai biyun, wajen inbata da wajen sifindul. Inbata ta koma akwatinta daban na ƙarfe, da matatar hayaniya mai 20A a bakin shigar wutarta. Tsakanin wayar sifindul da wayoyin sigina aka bar aƙalla santimita 20, inda dole su haɗu kuma suka gitta juna, ba su jera ba.

Makunnan iyaka aka juya su zuwa ƙafafunsu na rufe. Tsohuwar fawa mai 24V ta samu aiki: wutarta na bi ta resisto 2.2k mai rabin wat, ta makunni, ta fitilar ofto PC817, guntun da ke isar da sigina da haske ba tare da wayoyi sun haɗu ba, kimanin 10mA ke zagayawa kullum. Ɗaya gefen ofton yana riƙe ƙafar Arduino a ƙasa, da 4.7k zuwa 5V, aka sa $5=1 don GRBL ta juya karatun makunnan. Ba a haɗa baƙar wayar 24V da GND na Arduino ba, in an haɗa rabuwar ta tashi a banza. Sulken waɗannan wayoyin ta kai ɗaya kawai aka haɗa shi, wajen akwati. Allon CNC Shield ya fita, aka sa mai ɗaurin sukuru, kowace waya da hularta. Wayar USB ta koma ƙasa da mita ɗaya, da zoben feret a kai biyun. $21 ta koma 1.

A ranar gwaji nefa ta ɗauke wuta ana tsakar yanka, sai wani giɓi ya bayyana. Wutar direbobi ta ɗauke, amma Arduino daga batirin kwamfuta yake sha, ya ci gaba da ƙirga tafiyar da ba a yi ba. Da janareta ya tashi, injin ya ɗora daga inda yake zato, ya ratsa allon. Aka sa kontakta mai riƙe kanta a gaban fawar direbobi: wuta na ɗaukewa ta saki, ba ta komawa sai an danna maɓalli. Ƙaramin bakinta na gefe yana jan A0, ƙafar Arduino ta dakatarwa, zuwa GND, GRBL ta tsaya da ALARM:3. Jan maɓallin gaggawa ma ta kwail ɗin kontaktar ya bi, kuma yana yanke umarnin tafiya na inbata. Ba a sa wani makunni tsakanin inbata da sifindul ba, yanke wannan layin ana gudu yana iya kashe inbatar. PD014, lokacin ɗaukar gudu, aka kai daƙiƙa 10 don kada tashin sifindul ya durƙusar da janareta.

Mako na 9: sakamako

Aka riƙa ƙara gudun X da Y har suka fara sarƙewa a wajen milimita 4200 a minti, aka tsayar da iyakar gudu, $110 da $111 a 3000, $112 a 1500, da saurin ɗaukar gudu, $120 da $121 a 200, $122 a 100, aka kunna $20, mai hana injin wuce filinsa, bayan an rubuta girman filin a $130 zuwa $132. Sassaƙar kan gado ta awa shida ta ƙare ba ƙararrawa, ba yankewar USB, Z ya dawo inda ya fara. Da aka kashe wuta da gangan, $H ta mayar da injin gida, sifilin aikin na G54 yana nan a ajiye, aka ɗora daga layin da aka tsaya. Jan da injin ke yi ya ɓace.

Abin da bincike ya nuna

Matsaloli biyar ne mabambanta, uku daga ciki kuma da fuska ɗaya suka zo, wato gocewar zane, shi ya sa aka yi ta ba wata maganin wata. Zafin direba da lokaci yake zuwa. Raunin sigina a layin da aka raba wa direbobi biyu kaɗai ya tsaya. Makarar alkibla da yawan juyawa take ƙaruwa, ba ruwanta da nauyi ko gudu. Gwajin agogon awo na minti biyar ya warware abin da kwana uku na taɓa saiti bai warware ba, domin ya cire katako da baki ya bar abu ɗaya tak a gaban mai dubawa.

Sayen DRV8825 kuskure ne da karanta 2.8A a jikin sitefa ya isa ya hana. Kashe $21 ya fi shi muni, don ƙararrawar gaskiya take faɗa, akwai hayaniya a wayar. A cikin gyaran mako na 8 ba za a iya ware wanda ya fi tasiri ba tunda tare aka yi su, amma at ce ya kamata a fara da ita tun ranar farko, kafin a sayi ko da sitefa ɗaya. Mako bakwai yara na dafa ƙarfen da ba shi da hanyar sauke wuta. Da wata waya ta goge ta taɓa gangar, ba fis ɗin da zai yanke kafin ta bi ta jikin mutum.

Abu ɗaya ya rage. Y biyun bugu ɗaya suke sha da makunni ɗaya, don haka injin ba ya iya daidaita gadarsa da kansa. Kowace safiya, kafin a danna kontakta, ana juya sukuran biyu da hannu har gadar ta zauna a kan alamomi biyu da aka buga a jikin ƙarfen. Raba su zai yiwu idan an koma allo mai layi huɗu, irin masu FluidNC ko grblHAL, da makunni na biyu a ɗaya gefen; wayarsa an riga an ja ta cikin sarƙa, tana naɗe a akwati.